Tuɓaɓɓen Sarkin Rasha, Nikolas na Biyu, a ƙagaggun labaran kimiyya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu karanta irin waɗannan labarai, da masu son rubuta su, suka fi yawan yi game da sarkin Rasha na ƙarshe. Ranakun da aka kawo duk bisa kalandar da ake amfani da ita yau ne, sai inda aka faɗi akasin haka.

Wane sarki ake nufi, kuma me ya sa marubuta suka nace masa?

Rasha ta tuɓe sarakuna da dama. An sauke Ivan na Shida a 1741 yana jariri, ya girma a kurkuku har aka kashe shi a 1764. Matar Bitrus na Uku, Katarina, ita ta hamɓarar da shi a 1762. Amma idan aka ce tuɓaɓɓen sarkin Rasha a labarin kimiyya, kusan kullum Nikolas na Biyu ake nufi. An haife shi a 1868, ya hau gadon sarauta a 1894, ya yi murabus ranar 15 ga Maris 1917, aka harbe shi tare da matarsa da 'ya'yansa biyar a garin Yekaterinburg cikin daren 16 zuwa wayewar 17 ga Yuli 1918.

Abubuwa biyu suka sa ya zama abin marmari ga marubuci. Na farko, daga faɗuwarsa aka samu Tarayyar Sobiyat da duk abin da ya biyo bayanta, don haka duk mai son ya juya ƙarni na 20 gaba ɗaya da hannu ɗaya, nan yake kama wa. Na biyu, an ɓoye gawarwakin, ba a tono su a hukumance ba sai 1991. Shekara saba'in da uku babu kabarin da za a nuna, kuma inda babu kabari, labari yana samun wurin zama.

'Yan Bolshebik, wato 'yan kwaminis mabiya Lenin, su ne suka tuɓe shi?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Lokacin da Nikolas ya sa hannu a takardar murabus, Lenin yana birnin Zurich na ƙasar Suwizalan, bai dawo Rasha ba sai watan Afrilu. Boren ya fara ne daga layin burodi da yajin aiki a Petrograd, babban birnin ƙasar a lokacin, ranar 8 ga Maris, sojojin barikin birnin suka bi sahun masu bore ranar 12. Sarkin ya taso daga hedikwatar soja da ke Mogilev zai koma wurin iyalinsa, aka tare masa hanyar dogo, jirginsa ya juya zuwa Pskov. A can ne saƙonnin manyan janar-janar ɗinsa suka iske shi, kusan duk suna ba shi shawarar ya sauka. Wakilai biyu na majalisar Duma, Guchkov da Shulgin, su suka karɓi takardar a cikin taragon jirgi, kuma Shulgin ɗin ma mai son sarauta ne na gani-kashe-ni.

Da farko sarkin ya yarda ya bar wa ɗansa Aleksei gadon. Bayan ya tattauna da likita Fedorov kan ciwon yaron, sai ya canza, ya sauka a madadin kansa da na ɗan, ya miƙa wa ƙanensa Mikhail. Washegari Mikhail ya ce ba zai karɓa ba sai in majalisar tsara mulki ta ba shi. Saboda haka matafiyin zamani da ya je ya kashe Lenin don ya ceci gadon sarauta ya yi aikin banza. Mai yiwuwa ya hana juyin Oktoba da ya kawo 'yan Bolshebik kan mulki, amma rawanin ya riga ya faɗi kusan wata takwas kafin nan.

Akwai wata kafa a nan da marubuta masu lura suke amfani da ita. Dokar gadon sarauta da Sarki Paul ya kafa a 1797 ba ta ba sarki ikon ya yi murabus a madadin ɗansa ba. Labarin da ya ce Aleksei ne sarki na halal tun daga ranar 15 ga Maris yana da madogara a doka.

Ta waɗanne hanyoyi yake fitowa a labaran?

Mafi yawa shi ne labarin da tarihi ya bi wata hanya dabam: ba a yi juyin juya hali ba, ko an yi amma sarauta ta tsira a raunane. Littafin Eugene Byrne da Kim Newman na 1997, Back in the USSA, ya juya abin ne kacokan, kwaminisanci ya kama Amurka, Rasha kuma ta ci gaba da zama ƙarƙashin gidan sarauta. Sai labarin matafiyin zamani da ya isa fadar ko gidan da aka tsare su. Shirin talabijin na Birtaniya, Doctor Who, a kashinsa na 2022 ya sa babban mugun shirin ya shiga fadar sarkin a 1916 cikin siffar Rasputin, baƙauyen nan mai da'awar warkarwa da ya samu fada a wurin sarauniya. Wasan kwamfuta Assassin's Creed Chronicles: Russia na 2016 ya ɗauki daren kisan ya fitar da 'yar sarkin, Anastasiya, da rai.

A Rasha kanta akwai wani reshe mai kasuwa sosai da suke kira popadantsi, wato waɗanda suka faɗa wani zamani ba shiri. Mutumin yau, galibi tsohon soja ko injiniya, yakan farka a jikin sarkin, ko na ƙanensa Mikhail, ko na wani hafsa na kusa da fada, da duk ilimin abin da zai faru a kansa. Abin lura a irin waɗannan shi ne yawancinsu sai sun fitar da Nikolas daga jikin Nikolas kafin su ceci Rasha. Marubutan da kansu sun yanke hukuncin cewa mutumin na ainihi ba zai iya ba.

Daga wace shekara ya fi dacewa labari ya rabu da tarihi?

Wannan ita ce tambayar da labarin yake tsayuwa ko faɗuwa a kanta. Ƙa'idar ita ce: yadda aka matso kusa da 1917, haka abin da za a iya cetowa yake raguwa.

A watan Mayu 1891, yana yarima mai jiran gado, wani ɗan sandan Japan mai suna Tsuda Sanzo ya sare shi da takobi a ka a garin Otsu. Ɗan'uwansa Yarima George na Girka ne ya tare sara na gaba da sanda. Da ya mutu a nan, gado zai koma kan ƙanensa Georgi mai fama da tarin fuka, wanda ya rasu a 1899, daga nan sai Mikhail. Wannan mararraba tana da sauƙin rubutawa domin inci ɗaya na kaifin takobi kawai ake buƙata, amma matsalarta ita ce ta fitar da jarumin daga labarin tun a shafin farko. Haka zazzaɓin taifod da ya kusa kashe shi a Livadiya a 1900, lokacin da ba shi da ɗa namiji.

Shekarar 1905 ta fi amfani ga mai son ya bar shi da rai kuma a kan gado. Ranar 22 ga Janairu sojoji suka buɗe wuta kan ma'aikata masu ɗauke da takardar koke zuwa Fadar Hunturu, alhali sarkin ba ya ma cikin birnin. A watan Mayu Japan ta nutsar da rundunar jiragen ruwan Rasha a Tsushima. A Oktoba ya amince da kafa majalisa, amma ransa bai so ba, ya rusa Duma ta farko a 1906, ta biyu a 1907. Labarin da ya sa ya rungumi majalisar da zuciya ɗaya yana iya kai sarautar har yau, sai dai dole marubucin ya nuna abin da ya canza masa zuciya. Mutum ne da ya ɗauki ikonsa amana daga Allah wadda ba shi da hurumin ragewa, kuma a ƙidayar jama'a ta 1897, a gurbin sana'a, ya rubuta cewa shi ne mai ƙasar Rasha. Mai irin wannan aƙida ba ya saduda don wani baƙo daga gaba ya nuna masa hoto a waya.

Da yawa suna ceton firaminista Stolypin daga harsashin makashinsa Bogrov a gidan wasan kwaikwayo na Kiev a Satumba 1911. Abin da suke mantawa shi ne tauraronsa ya riga ya fara dusashewa a fada kafin harbin, kuma gyaran mallakar gonaki da ya faro yana buƙatar shekaru masu yawa na zaman lafiya. Ceton Stolypin ba tare da hana yaƙin 1914 ba, gyaran gangar auzinawa ne.

Yuli 1914 ce mararraba mafi ƙarfi. Sarkin ya yi ta kai-kawo kan umarnin tara sojoji, yana musayar wayar tangaraho da Sarkin Jamus Wilhelm, kafin ya amince ranar 30 ga Yuli. Jamus ta ayyana yaƙi ranar 1 ga Agusta. Ba a ma buƙatar matafiyin zamani don ya gargaɗe shi: tsohon ministan cikin gida Durnovo ya rubuta masa takarda tun Fabrairu 1914 yana cewa yaƙi da Jamus zai ƙare da juyin juya hali. An gargaɗe shi, ya tafi yaƙin. Duk labarin da ya dogara kan cewa sarkin bai sani ba ne kawai, ya kamata ya fuskanci wannan takarda.

Ta ƙarshe ita ce Satumba 1915, lokacin da ya karɓi jagorancin soja da kansa duk da roƙon ministocinsa. Daga ranar kowace asara a fagen fama ta zama tasa, mulkin cikin gida kuma ya koma hannun matarsa Aleksandra. Bayan wannan, abin da ya rage a ceta shi ne rayuka kawai.

To, ana iya kuɓutar da shi da iyalinsa? Daga ina ya fi yiwuwa?

An tsare su a wurare uku, kuma kowanne da irin cikas ɗinsa.

Daga Maris zuwa Agusta 1917 suna Fadar Aleksanda a Tsarskoye Selo, kusa da Petrograd. Nan ne ƙofa ta fi buɗewa. Gwamnatin Birtaniya ta yi tayin ba su mafaka, amma a watan Afrilu Sarki George na Biyar, wanda uwarsa da uwar Nikolas 'yan ɗaki ɗaya ne, ya matsa aka janye tayin saboda tsoron abin da ma'aikatan Ingila za su yi. Ko da tayin ya tsaya, akwai cikas biyu. Yaran suna kwance da ƙyanda a makonnin farko, lokacin da fita ta fi sauƙi. Hanyar dogo zuwa tashar ruwa ta Murmansk kuma tana hannun ma'aikatan da ke bin majalisar ma'aikata da sojoji ta Petrograd, wadda ta ƙi yarda a fitar da shi. Labari mai hankali a nan ba ya buƙatar bindiga ko ɗaya. Wasiƙa ɗaya da ba a aika ba, da jirgin ƙasa ɗaya da ya wuce cikin dare, sun isa.

A watan Agusta Kerensky, shugaban gwamnatin riƙon ƙwarya, ya tura su Tobolsk a Saibiriya, aka sauke su a gidan gwamna, da masu gadi fiye da 300 ƙarƙashin Kanar Kobylinsky, mutumin da ba ya ƙin su. Tsaro a nan sako-sako ne a farko, har sukan je coci. Amma jirgin ƙasa ba ya zuwa Tobolsk a lokacin. Tasha mafi kusa tana Tyumen, fiye da kilomita 200, ana zuwa ta kogi da rani, da keken doki a kan ƙanƙara da hunturu. Idan ƙanƙara ta fara narkewa a Afrilu, ba kogin ba hanyar. Marubucin da ya sa jirgin ruwa ya ɗauke su a Janairu, ko mota ta yi gudu da su a Afrilu, bai duba taswira da yanayi ba. Sannan mutum bakwai ne ake son fitarwa, uwar takan zauna a keken marasa lafiya saboda ciwon baya da ƙafa, yaron kuma jijjigar keken doki kaɗai tana iya tayar masa da zubar jini a ciki. Shi ya sa da kwamishinan 'yan Bolshebik, Yakovlev, ya zo ɗaukarsu a Afrilu 1918, sai da aka bar Aleksei a baya da 'yan'uwansa mata uku, ba su bi iyayensu ba sai a Mayu. Tafiyar Yakovlev ɗin kanta kyakkyawar mararraba ce, domin ya karkata da jirgin zuwa wajen Omsk kafin aka tilasta masa ya juyo Yekaterinburg.

Gidan Ipatiev da ke Yekaterinburg shi ne wanda labarai suka fi so, kuma shi ne mafi wuya. Sarkin ya yi kwana 78 a ciki. An kewaye gidan da dogayen katanga na katako ninki biyu, an shafe tagogi da farar ƙasa, akwai bindigogi masu sarrafa kansu. A watan Yuni aka shigo musu da wasiƙu cikin Faransanci da sunan wani hafsa mai shirin ceto su. 'Yan Bolshebik ne suka ƙirƙiro wasiƙun don su sami hujja. Iyalin sun amsa cewa ba za su gudu da ƙafarsu ba, sai dai a zo a ɗauke su. Wannan yana da amfani ga marubuci: baƙon da ya bayyana a gidan yana cewa ya zo ceto, ba lallai a gaskata shi ba. Rundunar 'yan Cek da Sulobak tare da sojojin adawa sun kama garin ranar 25 ga Yuli, kwana takwas bayan kisan. Wasu labarai sukan gaggauto da su da mako guda don su iso a kan lokaci, amma kusantowarsu ce ta sa aka yi kisan. In sun yi sauri, Yurovsky, kwamandan gidan da ya jagoranci kisan, shi ma zai yi sauri.

Mutum nawa ne a ɗakin a daren?

Goma sha ɗaya aka kashe. Nikolas mai shekara 50, Aleksandra 46, Olga 22, Tatiyana 21, Mariya 19, Anastasiya 17, Aleksei 13, sai likita Botkin, da baranya Anna Demidova, da kuku Kharitonov, da hadimi Trupp. Yaron kicin, Leonid Sednev, an sallame shi tun kafin dare. Uban ne ya sauko da ɗansa a hannu domin ba ya iya tafiya. Labarai da yawa sukan ceci mutum bakwai su manta da huɗun da suka zaɓi zama da su, kuma wannan mantuwa tana faɗin wani abu game da marubucin.

Matafiyin zamani zai iya warkar da Aleksei da maganin yau?

Zai iya riƙe shi da rai, amma da sharuɗɗa. Ciwon yaron shi ne rashin daskarewar jini, himofiliya, wanda ya gada ta wajen uwarsa, jikar Sarauniya Biktoriya. Binciken ƙwayar halitta da aka buga a 2009 ya nuna nau'in B ne, wato sinadarin daskarar da jini na tara ne ya yi masa ƙaranci. Nau'in A, wanda ya fi yawa a duniya, na takwas ne yake rasawa. Matafiyin da ya ciko jaka da sinadari na takwas ya kawo maganin da ba zai yi aiki ba.

Ko ya kawo na daidai, ba allura ɗaya ba ce a gama. Nau'in da aka daɗe ana amfani da shi, rabinsa yakan ƙare a jiki cikin kwana guda ko ƙasa da haka, don haka rigakafi yana buƙatar allura ta jijiya kamar sau biyu a mako, fiye da sau 100 a shekara, har ƙarshen rai, da wurin ajiya mai sanyi da allurai masu tsabta. Abin da mutum zai iya yi da kayan wancan zamani ya fi sauƙi: hana ba shi asfirin, wanda ya shigo kasuwa a 1899 kuma yake ƙara zubar jini, da kwantar da shi, da ƙarin jini sabo idan an dace da rukunin jini, wanda Landsteiner ya gano a 1901. In ya rayu ya yi aure, 'ya'yansa maza ba za su gaji ciwon daga gare shi ba, amma 'ya'yansa mata duka za su ɗauke shi a jininsu. Mai rubuta zuriyar sarautar har zuwa yau ya kamata ya bi wannan lissafi.

Rasputin fa? Me ya sa kullum shi ne baƙon wata duniya ko matsafi?

Saboda labarin mutuwarsa ya riga ya yi kama da ƙage: guba, harbi, jefawa a kogi, a Disamba 1916. Mafi yawan wannan bayani daga bakin Yarima Yusupov ya fito, ɗaya daga cikin waɗanda suka kashe shi, wanda kuma yake da dalilin ƙawata labarin. Abin da aka tabbatar shi ne harsashi a goshi. Tasirinsa a fada ya kafu ne a kan ciwon yaron, musamman bayan 1912 a Spala, inda aka fitar da rai da Aleksei, saƙon Rasputin ya iso cewa likitoci su daina damunsa, yaron kuma ya farfaɗo. An ɓoye wa jama'a ainihin ciwon, shi ya sa ba wanda ya gane me baƙauyen Saibiriya yake yi kusa da sarauniya, sai jita-jita ta cike gurbin. Mayar da shi dodo yana da daɗin kallo, amma yana wanke sarkin daga laifin da nasa ne, domin shi ya riƙa sa hannu a sauye-sauyen ministoci. Kuma kashe Rasputin bai ceci komai ba, gadon ya faɗi ƙasa da wata uku bayansa.

Akwai sauran wata kafa ta cewa Anastasiya ta tsira?

A tarihi babu. Wasu masu bincike biyu, Avdonin da Ryabov, sun gano kabarin a asirce a 1979 kusa da hanyar Koptyaki. A 1991 aka tono ƙasusuwan mutum tara. An gwada na Aleksandra da 'ya'yanta da jinin Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda kakarsa ta wajen uwa yayar Aleksandra ce. An tabbatar da na sarkin ta hanyar gwada shi da gawar ƙanensa Georgi. An binne su a Sankt Petersburg ranar 17 ga Yuli 1998. Biyun da suka rage, Aleksei da ɗaya daga cikin 'yan matan, an same su a 2007 a wani rami na kusa. Anna Anderson, wadda ta bayyana a Berlin a 1920 ta mutu a Amurka a 1984, gwajin DNA ya nuna Franziska Schanzkowska ce, ma'aikaciyar masana'anta.

Abin da ya haifi jita-jitar gaskiya ne: 'yan matan sun ɗinke duwatsu masu daraja a cikin rigunansu na ciki, harsasai suka riƙa zamewa, sai da aka ƙarasa su da wuƙar bakin bindiga da harbi a ka. Labarin da aka rubuta bayan 2007 dole ya yi bayanin ƙasusuwan, ko ta wata duniya mai tafiya kafaɗa da tamu, ko ta musanya. Sannan ko ta tsira ba za ta zama sarauniya ba. Dokar 1797 ba ta ba mace gado sai mazan zuriyar duka sun ƙare, kuma da dama sun fita Rasha da rai. Ɗaya daga cikinsu, Kirill, ya ayyana kansa sarki a gudun hijira a 1924.

Za a iya sake halittarsa daga ƙasusuwan?

Hanyar da aka samar da tunkiya Dolly a 1996 tana buƙatar cibiyar ƙwayar halitta cikakkiya, kuma sai da aka yi gwaji 277 kafin ɗaya ta yi. Gawarwakin nan an zuba musu asid irin na ruwan batir, an ƙone biyu, sauran sun yi fiye da shekara saba'in a ƙasa mai dausayi. Abin da ya rage guntaye ne da suka isa a gane mutum, ba su isa a gina shi ba. Ko marubuci ya tsallake wannan da wata fasaha ta gaba, abin da zai samu tagwaye ne da aka haifa a makare, ba ya tuna Pskov, ba shi da tabon Otsu a kansa, ba shi da zanen macijin tatsuniya da aka yi wa sarkin a hannu a Nagasaki.

Wace fasaha ce za a iya ba Rashar Nikolas ba tare da an yi ƙarya mai yawa ba?

Akwai abin kamawa na gaske. Tsiolkovsky, malamin makaranta a Kaluga, ya buga lissafin tafiyar roka a 1903. Sikorsky ya gina jirgin sama mai inji huɗu, Ilya Muromets, dab da yaƙi. Popov ya nuna na'urarsa ta karɓar igiyar rediyo a 1895. Ranar 30 ga Yuni 1908 wani abu daga sama ya fashe a Tunguska ya kwantar da daji mai faɗin murabba'in kilomita kusan 2,000, kuma masanin da ya fara isa wurin, Kulik, sai a 1927 ya je. Shekara sha tara da ba wanda ya bincika, fili ne da marubuta suka daɗe suna nomawa.

Inda labaran suke tuntuɓe shi ne masana'anta. Ƙasar tana da mutum kusan miliyan 126 a 1897, fiye da kashi uku cikin huɗu manoman karkara ne, masu iya karatu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. A 1915 sojoji sun rasa bindigogi da harsasan igwa na yau da kullum. Injiniyan da ya faɗo daga gaba da zanen tankar yaƙi a kansa zai tarar babu injinan sassaƙa ƙarfe isassu, babu ƙwararrun ma'aikata, taragon da zai kai kayan kuma shi ne ake jira ya kai hatsi Petrograd. Gyaran hanyar dogo ba ya burge mai karatu kamar sabon makami, amma shi ya fi kusa da abin da ya kayar da sarkin.

Mutumin kirki ne ko azzalumi? Wanne labaran suka fi nunawa?

Labaran ceto sukan nuna uban da ke faskara itace, yana share ƙanƙara, yana karanta wa 'ya'yansa littafi da dare. Wannan gaskiya ne, masu gadinsa da yawa sun yi mamakin sauƙin kansa, cocin Orthodox na Rasha kuma ya sa shi cikin tsarkaka a 2000 saboda yadda ya jure tsarewa da mutuwa, ba saboda mulkinsa ba. Amma shi ne kuma ya tafi liyafar jakadan Faransa a daren da fiye da mutum 1,300 suka mutu a turmutsutsun filin Khodynka lokacin bikin naɗinsa a 1896. A zamaninsa aka yi kisan Yahudawa na Kishinev a 1903, aka harbe ma'aikatan haƙar zinariya a Lena a 1912. A ganinmu, labarin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya sa matafiyin zamani ya san duka biyun, ya zauna shan shayi da mutum mai ladabi da fara'a, yana sane da takardun da wannan hannu ya sa wa hannu.

Waɗanne ƙananan kurakurai ne suke tona asirin marubuci?

Kwanan wata ne kan gaba. Rasha ta bi tsohuwar kalanda har Fabrairu 1918, tana baya da kwana 13 a ƙarni na 20, kwana 12 a na 19. Shi ya sa juyin Fabrairu ya faɗo a Maris, na Oktoba a Nuwamba. Mai saita na'urarsa da ranar 2 ga Maris 1917 da ya gani a takardar murabus zai isa Pskov kwana 13 kafin sarkin ya sa hannu. Sunan babban birnin, Sankt Petersburg, ya koma Petrograd ne daga 1914, bai zama Leningrad ba sai 1924. Iyalin ba sa zaune a Fadar Hunturu a shekarun ƙarshe, Tsarskoye Selo ce gidansu. Shi da matarsa da Turanci suke rubuta wa juna wasiƙa, yaran kuma da Rashanci suke magana da ubansu. Muƙaminsa na soja a Rasha kanar ne, bai ƙara wa kansa girma ba, kuma ba dogo ba ne kamar ubansa, tsayinsa wajen mita 1.7. Wanda kuma ya tura jaruminsa na yau ya je ya tsaya a ɗakin ƙasan gidan Ipatiev kafin ya danna na'urar komawa baya, ya sani an rushe gidan a 1977, lokacin da Boris Yeltsin yake shugaban jam'iyya na yankin, kuma coci ne a wurin tun 2003.